Yadda Za Ka Sarrafa Tukunyar Sanyi Ranar da Surukinka Zai Zo

Kai ɗan nan da aka tura Turai karatu, ka dawo da tabarau da wani aiki wanda ko mutanen gidanku ba su iya faɗin sunansa, matso kusa, da kai nake. In ka bi abin da zan gaya maka daki-daki, ba tsallake, na yi maka alkawari biyu: za ka sarrafa tukunyar nan ta sanyi da ake zuba wa ruwan hiliyam, kuma za ka samu matar aure. In duka biyun ba su samu ba, ɗaya dai tabbas ne. Ban taɓa ganin wanda ya bi hanyar nan ya tashi hannu rabbana ba. Gaskiya mutum ɗaya tak na ga ya bi ta, amma ai shi ma mutum ne.

Kada ka ce me tsohuwa daga Kazaure ta sani a kan wannan. Ni ce Tasalla, goggon Muhammadu Lawal, ɗan ƙanena da na riƙe tun yana cikin tsumman goyo. Shi ne ya zama dokta, amma ba na allura ba, na ilimin sanyi da haske, yana koyarwa a jami'a. Na shiga ɗakin bincikensu da ƙafata, na zauna a kan kujerarsu mai juyawa, na kuma sa hannu a aikin ranar da aka yi shi. Mutum nawa ne a ƙasar nan za su iya faɗin haka?

Mataki na ɗaya: Ka samo tukunyar

Wannan ba wuya, in dai ka dace da zamani. Lawal ya dawo ne a shekarun da kuɗin mai ya malalo, lokacin da ake sayen abu tukuna sannan a tambayi amfaninsa. Sunan tukunyar kawai ya faɗa, sai ga ta cikin akwatin katako wanda ya isa a yi wa akuya ɗaki. In naka zamanin ya wuce wannan, to ka yi haƙuri, laifin iyayenka ne da suka yi jinkirin haihuwarka.

Ga kamanninta, don kada a kawo maka tukunyar shinkafar biki ka karɓa. Ta ƙarfe ce mai ƙyalli, tsawonta ya kai ƙirjin mutum, tukunya cikin tukunya cikin tukunya, kamar yadda muke jera kwalla a ɗakin amarya. Tsakaninsu an zuƙe iska kaf, don kada zafi ya samu abin takawa ya shiga. Can wajen gindinta akwai 'yan tagogin gilashi, kowace ba ta fi sulai ba. A tsakiyar duk wannan gini sai a rataye abin da za a auna: wani ɗan dutse mai haske kamar gishiri, wanda bai kai ƙwayar masara ba.

Sai a haska masa fitila ta taga ɗaya. Hasken da ya fito ta ɗaya tagar, wani inji ya karɓa ya tsefe shi launi-launi kamar bakan gizo, sannan wani alƙalami mai tafiya da kansa ya yi zane a kan doguwar takarda. Zanen nan shi ne abincin. Saboda shi ake duk wahalar.

Na tambayi Lawal, to sanyin kuma na mene ne? Ya ce wai a cikin kowane dutse akwai 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ba su zama wuri ɗaya muddin akwai ɗumi, sai rawar jiki, shi ya sa zanen ke fitowa a dagule. Na ce ka ce mini yaran gidan biki, ba a gane ɗan wa da ɗan wa sai barci ya kwashe su. Ya ce e to, kusan haka. In ɗan boko ya ce maka kusan haka, ka ƙara gaba abinka, iyakar yabon da ya iya ke nan.

Mataki na biyu: Ka bar mutanen gari su raɗa wa aikinka suna

Kada ka wahalar da bakinka wajen bayani. Ko ka yi, kafin ka rufe baki an gyara maka.

A Kazaure aka ce Lawal ƙanƙara yake sayarwa, har ana zuwa yi mini jaje, wai duk shekarun nan a Turai. Kafin maganar ta kai Roni ya zama mai gyaran firiji. Wata hajiya har ta ɗora nata mai aiki da kananzir a bayan akori-kura ta aika masa jami'a, da saƙon a yi mata da kyau tunda na gida ne. Daga nan labarin ya bi motar kasuwa ya yi arewa, yana tafe yana ƙiba. Ranar da ya sauka Babura, Lawal ya zama mai daskarar da gawar Turawa don kada su lalace kafin jirginsu ya zo.

Wannan na ƙarshen shi ne zai shiga kunnen da bai kamata ba. Kullum haka ne, labari mai kyau ba ya samun mota.

Mataki na uku: Ka so 'yar mutumin da ba ya sayen kaya a ɗaure

Yarinyar ita ce Shatu, malamar makaranta a nan Kazaure, mai baki kamar reza, ga kirki. Ita ma tana son sa. Da bakinta ta gaya mini, ko sunkuyar da kai ba ta yi ba, 'yar zamani. Ubanta shi ne Baba Kura na Babura, Babarbare, falken kanwa da dabino tsakanin nan da Nijar. Dogo ne, cikakken mutum, mai murya irin wadda in ya yi gyaranta a bakin kasuwa sai masu awo su cika mudu.

Da na je masa da maganar ya karɓe ni da mutunci, aka kawo fura. Sai da na sha na ƙoshi ya ce ya ji labarin gawa. Na rantse, na sake rantsewa. Ya ce ai bai ƙaryata ni ba.

“Ban ƙi yaron ba, Tasalla. Amma ni ko dabino ban taɓa saye ban kwance bakin buhu ba. Sai na ga sana'arsa da idona. In ban gani ba, a bar maganar.”

Kuma kada ka ɗauka an bar maka fili kai kaɗai. Akwai wani ɗan kwangila da ke ta zarya a ƙofar gidan da sabuwar fijo. Shi kuwa aikinsa kowa na gani, kwalbatoci ne a kan hanya, ko da yake ruwan farko ya tafi da rabinsu. Baba Kura ba zai yi wa Shatu dole ba, wannan ba halinsa ba ne, amma kai ma ba zai ba ka ita ba. To abin da ke kan wuta ke nan. Kada ka manta da shi kana can kana shafa ƙarfe.

Mataki na huɗu: Ka jira ruwan

Tukunya ba ruwa ado ce kawai. Ruwan hiliyam kuwa ba a yin sa a nan. Asalinsa iska ce marar nauyi, irin wadda ake hura wa balan-balan ta tashi sama, sai an matsa mata da sanyi na fitar hankali take yarda ta zama ruwa. Lawal ya ce duk duniya ba ruwan da ya kai shi sanyi, ƙanƙara a gabansa garwashi ce.

A jirgin sama ake kawo shi, cikin wata ƙatuwar randar ƙarfe mai siririn wuya da ƙafafun taya. Ga halinsa: tun ranar da aka ɗura shi yake guduwa. Kaɗan-kaɗan yake komawa iska yana fita ta wuyan randar. Kana barci yana tafiya, kana salla yana tafiya. In ka ce bari ka toshe bakin don wayo, randar ta fashe ta tafi da kai da rufin ɗakin. Saboda haka ka bar shi ya yi ta zurarewa kana murmushi, kamar maigidan da baƙi suka sauka masa ba ranar tafiya.

Randa ɗaya aka amince wa Lawal, bayan ya bi ofis-ofis har takalminsa ya cinye. Damina ta wuce, kaka ta wuce, yana jira, ya rame har wuya ya fito. Da ta iso kuwa, hanya ta riga ta sha kusan rabi. Abin da ya rage, in ji shi, zai isa zubi ɗaya, awo ɗaya. Zanen da zai fito kuwa shi ne abin da ya ƙwallafa rai a kai tun yana Turai, shi ya sa ma ya nemi tukunyar.

Mataki na biyar: Ka gaya wa goggonka ranar

Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya.

Lokacin ina gidansa, na je ganin likitan ido. Muna cin tuwo ya ce mini Laraba ce ranar, in taya shi da addu'a, don daga ita tukunyar za ta koma ba komai sai yadda hali ya yi. Ni kuwa na yi tunani irin na manya. Mutum ya ce sai ya ga sana'a, sana'ar kuwa rana ɗaya take da ita a duniya. Wa zai kira suruki ya zo kallon tukunya ba komai a ciki? Washegari da sassafe na tafi tasha na ba direban Babura saƙo ya kai wa Baba Kura.

Kada goggon ta gaya maka ta aika. Saurayin da ya san za a zo ganinsa sai ya tsaya guga da fesa turare, har ya yi kama da mai ɓoye wani abu. An fi gane kaya a yadda suke.

Mataki na shida: Ka fara da ƙaramin sanyi

Ba a zuba hiliyam a tukunya mai ɗumi, tashi zai yi fuu kamar ruwa a kaskon suya. Sai an lallashe ta. Da farko ka kunna famfon zuƙe iska ya yi ta ƙugi kamar tsoho mai minshari, kai kuma kana roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Sannan ka ɗura mata ruwan naitirojin, wato ƙanen hiliyam, wanda shi a nan jami'ar ake yin sa, ba a yi masa rowa. Wannan aikin Malam Sama'ilu ne, mai kula da injinan ɗakin, magidanci mai natsuwa, mutumin Kanya Babba.

Shi ma ƙanen ba abin wasa ba ne. Ran Larabar na je kai wa Lawal abinci, Malam Sama'ilu ya roƙi goro ɗaya a wajena, ya tsoma, ya tsamo, ya ɗan ƙwanƙwasa a tebur, sai ga goro ya tarwatse kamar kwalba. Ban sake kwance ƙullin gorona a gabansa ba.

In tukunya ta ɗauki sanyi, ka fitar da naitirojin ɗin daga cikinta tas. In ka bar ko cokali ɗaya, babban wa na shigowa zai daskarar da shi ya toshe hanya. 'Yan'uwa ne, amma ba su zama ɗaki ɗaya. Kowa na da irinsu a dangi.

Ka sa safar hannu mai kauri. Ka buɗe tagogi duka. Ka hana goggonka jingina gorar kunun zaƙi a jikin randa don ya yi sanyi. Za ta yi musu, ta ce sanyi ne ke tafiya a banza, kuma gaskiyarta, amma dai ka hana.

Mataki na bakwai: Ka hau kujera, ka riƙe bututu, ka zama gunki

Yanzu aka zo wurin. Tsakanin randa da tukunya akwai bututun zuba, siriri, mai dogayen ƙafafu biyu da gada a sama, kamar wandon da aka rataye. Shi ma bututu ne cikin bututu, an zuƙe iskar tsakani. Ƙafa ɗaya za ta shiga randa, ɗaya tukunya, kuma tare za su sauka, sannu-sannu, kamar ana sauko da marar lafiya daga mota. Guda ɗaya ne a ɗakin, babu na canji.

Malam Sama'ilu ya taka akwati ya riƙe ƙafar bututun da za ta shiga randa. Lawal ya hau doguwar kujera ya riƙe ta tukunya, kansa na neman taɓa silin. Saura mai tura ruwan. Ka san da me ake tura ruwan da ya zo a jirgi daga Turai? Da robar cikin ƙwallon ƙafa, irin wadda ake yi wa faci a bakin kasuwa. An haɗa ta da wuyan randa da tiyo, a matsa a saki, a matsa a saki, ruwa ya hau. Wanda zai matsa ɗin bai zo ba, wai ya tafi ɗaurin aure. Lawal ya dubi hagu, ya dubi dama, ya dube ni.

Na ajiye kwanon abinci na gyara ɗaurin zane. Kafin a fara ya yi mana gargaɗi, da wata murya da ban san yana da ita ba.

“Goggo, Malam, ko gobara ta tashi kada wanda ya motsa. In bututun nan ya lanƙwashe, shi ke nan, mun gama. Ke kuma Goggo, ki yi ta matsawa har sai na ce ki bari.”

Ni kuwa mace ce mai riƙon amana.

Aka fara. Wani ɗan farin hayaƙi siriri ya soma fita ta hancin tukunya. Lawal ya kasa kunne, can ya ce ruwa ya fara taruwa. Ga fitila a kunne, ga alƙalami ya kama tafiya, yana fidda zane tsaf-tsaf kamar ɗinkin hula. Fuskar yaron nan ta yi wani haske da rabon da in gan shi tun ranar da ya sauke Alƙur'ani. Ya ce kaɗan ya rage tukunyar ta cika, a zare bututu, a yi awon gaske.

Mataki na takwas: In ka ji sallama, ka bar wa gwiwoyinka hukunci

Ba sai na koya maka wannan ba, jikinka ya sani.

Muka ji takun mutane a baranda, sai muryar nan ta cika ɗaki har gilasai suka amsa. Baba Kura ne a bakin ƙofa, da babbar riga da rawani da sanda, ƙanensa Madu na biye da shi da buhun dabino na tsaraba.

To ka dubi halin da Lawal ke ciki. Ga uban yarinyar da yake nema a ƙasa, ga shi shi a sama, a tsaye, da takalmi, yana leƙen tsakiyar rawanin dattijo. Turai ta koyar da kansa, ban musa ba, amma gwiwoyin nan a tsakar gidana suka yi karatu. Kafin kan ya gama tunani, su sun yanke. Ya durƙusa a kan kujerar nan da bututu a hannu. Malam Sama'ilu kuwa, da yake ya fi shi saurin ladabi, tuni ya dira daga akwati ya kai ƙasa. Ƙafar bututu ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, muka ji ƙas, kamar an karya karan dawa.

Nan take farar raɓa ta bi bututun ta lulluɓe shi. Siririn hayaƙin nan ya zama gajimare, yana fita da huci yana haurawa sama.

A nan ne ɗan koyo ke kuskure, ya ce Baba a ɗan yi mini uzuri. Kul. Ba a katse gaisuwar suruki, balle wanda bai riga ya yarda ya zama surukin ba. Baba Kura kuwa ba ya gaisuwar tsaitsaye. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi. Ya bi mutanen Kazaure gida-gida, har ya zo kan kawun Lawal da ya rasu bara. Aka tuna masa, ya yi salati, ya ɗauko sabuwar ta'aziyya, ya ce a shafa fatiha. Fatiha kuwa da hannu biyu ake shafa ta, sai ka san inda bututun ya kwana.

Da aka kai ƙarshe muka sauke numfashi. Sai dattijo ya gyara tsayuwa ya sake ɗaukowa daga farko da Barbarci, don ya ji ko yaron ya damu ya koyi harshen gidansu. Ya kuwa koya, Shatu ta biya masa. Yana amsawa ido ɗaya a ƙasa ɗaya a silin, amma ko gyara ɗaya bai ci ba.

Ni ina gefe, ina amsa tawa gaisuwar ina matsa roba. Ba wanda ya ce in bari.

Mataki na tara: Kada ka yi dariya

In ka manta duk sauran, ka riƙe wannan.

Da aka gama gaisawa Baba Kura ya ce to, ina gawar? Lawal ya sauko, da ƙyar ya nuna masa 'yar taga. Dattijo ya duƙa ya leƙa, ya daɗe, ya ɗago ya ce shi tsakuwa ya gani. Aka ce ai ita ce. Bai gamsu ba. Falke ba ya yanke wa kaya hukunci sai ya sansana, in kuwa akwai gawa ai hanci zai faɗa. Ya miƙe ya matsa inda hayaƙin ya baje, ya buɗe hanci ya ja har cikin ƙirji, ya sake ja. Malam Sama'ilu ya buɗe baki zai hana, ladabi ya rufe masa.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne, iskar nan in ta shiga maƙogwaro takan ɗauke muryar mutum na ɗan lokaci ta ba shi ta wani. Baba Kura ya juyo, ya dogara sanda, ya gyara rawani, ya buɗe baki zai yanke hukunci, sai muka ji ɗan tsako ya ce:

“Ba wari.”

 Baba Kura kansa sai da ya waiga ya ga wa ya yi magana. Ya yi gyaran murya, ita ma ta fito kamar an taka ɓera. Madu ne ya fara dariya. Ya saki buhu, dabino ya watse, ya dafa bango yana zamewa. Malam Sama'ilu ya cusa safar hannu a baki ya fita da gudu, muna jin sa a baranda yana shiɗewa. Ni dai tari ne ya sarƙe ni, na shige cikin mayafi, hannu ɗaya na kan roba. Masu cewa sun ga mayafin na rawa, su da Allah.

“Madu,” in ji ɗan tsakon nan, “ni kake wa dariya? Ni da na goya ka?”

Madu ya kwanta.

Mutum ɗaya ne ko leɓensa bai motsa ba. Lawal na durƙushe a ƙasa, kai a sunkuye. Daga inda nake ina ganin abin da yake kallo ta gefen ido. Alƙalamin nan ne, zanen da ya faro tsaf-tsaf ya koma jagwalgwalo, alamar dutse ya farka. Hawaye suka cika masa ido, ɗaya ya gangaro ya tsaya a bakin tabarau. Bai ɗago ba, a hankali ya ce, “Goggo, ya isa.” Na saki roba.

Bayan numfashi kaɗan muryar dattijo ta dawo gida, amma bai yi gaggawar amfani da ita ba. Ya dubi ƙanensa kwance cikin dabino, ya dubi ƙofar da Malam Sama'ilu ya bi, ya dubi mayafina, sannan ya daɗe yana duban Lawal. Sai ya yafito ni waje.

“Tasalla, sana'ar nan ban gane ta ba, ban kuma ga alamar tana ciyar da mutum ba. Gawa dai babu. Amma ƙanena da muka sha nono ɗaya ya kwanta yana mini dariya, yaron nan kuwa kuka ya yi saboda kunyar da na sha. Irin wannan ba a samun sa a kasuwa. Ku turo manyanku.”

Mataki na goma: Kada ka gyara wa dattijo fahimta

Gaskiya za ta riƙa cin ka a rai. Lawal ma ta ci shi, har ya ce zai tafi Babura ya yi bayani, wai hawayen nan ba na ladabi ba ne, na ruwan da ya tashi ne, kuma bai kamata a gina aure a kan rashin fahimta ba. Allah ya taimake shi ya fara gaya wa Shatu.

“Dokta, ka rufa mana asiri ka yi shiru. Tun da ka fara aikin nan, wannan ne karo na farko da ya haifar da abin da ake gani.”

Bai je Babura ba. Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure.

Za ka tambaye ni sauran ruwan da ke cikin randa. Yana nan, amma babu bututun da za a ɗebe shi. Ba a kamfatar shi da ludayi, na tambaya. Lawal ya riƙa zuwa kullum yana zama a gefenta kamar mai jinya, yana sauraron ɗan hucin da ke fita ta wuyanta, har ranar da ya kasa kunne bai ji komai ba. Ya nemi sabon bututu da wata randar, aka ce ya jira baɗi. Kafin baɗi ta zo kuɗin mai ya ja da baya, aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, ko alli sai da roƙo.

Tukunyar na nan har yau, Malam Sama'ilu na goge ta tana ƙyalli. Ana kawo ɗalibai su kewaye ta, Lawal ya yi musu bayanin yadda za a yi da a ce akwai ruwa. Shatu ta ce wani lokaci suna cikin hira sai ya koma kallon silin. Takan bar shi ya gama kallon, sannan ta miƙa masa jaririyarsu ya riƙe. A Babura kuwa Baba Kura na gaya wa duk wanda ya tambaya cewa surukinsa babban ma'aikaci ne, aikinsa na sirri ne, kuma in Allah ya kai mutum wurin, ya kalla da ido kawai. Madu dai bai sake raka shi ko nan da can ba.

Ba ruwan Tasalla

Duk wanda ya bi wannan bayani, shi ya ga zai iya. In yatsanka ya daskare ya guntule, in randa ta fashe, in jami'a ta sallame ka, ni ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba. In naka surukin mura yake yi bai sansana ba, ko ya sansana ya taya kowa dariya ya koma gida bai ce komai ba, wannan tsakaninka da rabonka. In ka shaƙi iskar da gangan don ka ba abokai dariya ka faɗi sumamme, kada a kawo mini kai. Ban ce ka shaƙa ba, dattijon ma Allah ne ya tsare, da tagogi a buɗe. Haka nan ban ɗauki alhakin zanen da bai fito ba, na Lawal ko naka. Ni roba aka ba ni, na kuwa matsa.

Mai ƙorafi ya same ni a Kazaure, kowa ya tambaya za a nuna masa gidan. Zan shimfiɗa masa tabarma in saurare shi da kunne biyu. Amma sai mun gama gaisawa tukuna. Kuma ya sani, ni bayan Hausa har Fillanci ina ji.